Hasken da Na Gani a Ƙarƙashin Ruwa: Lahira Na Leƙa Ko Ƙwaƙwalwata Ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mace ce mai shekara 34, ina da aure da 'ya'ya uku. Ina 'yar shekara 9 kogi ya ja mu ni da 'yar ƙanwar mahaifiyata, wadda muke sa'anni da ita. Ni aka ciro da sauran numfashi, ita kuwa gawarta aka samu. A ƙarƙashin ruwan nan, bayan na gaji da fafutuka, sai tsoro ya ɗauke mini gaba ɗaya, na ji wata natsuwa da har yau ban sake jin irinta ba, na ga haske, na kuma ga kakata wadda ta rasu shekara biyu kafin nan tana yi mini alama da hannu in koma. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma da wannan nake riƙe da yaƙinin cewa akwai lahira. Wata huɗu da suka wuce mahaifinmu ya rasu, sai na ba ƙanena labarin domin in sanyaya masa zuciya. Shi ɗalibin likitanci ne, ya ce mini ƙarancin iska a ƙwaƙwalwa ne kawai yake jawo haka. Tun ranar ban samu sukuni ba. Shin mutuwa na yi na dawo? Idan ƙwaƙwalwata ce ta yaudare ni, me ya rage na imanina? Me ya sa ni aka ce in koma, ita 'yar'uwar tawa ba a ce mata ba? Har yau ba na barin 'ya'yana su kusanci ruwa, kuma ba na iya haɗa ido da mahaifiyarta.

AMSA: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya jiƙan kakarku da 'yar'uwarki, Ya ba ku haƙurin rashinsu. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekara 25 da kika yi kina ɗauke da wannan al'amari ke kaɗai, sannan ranar farko da kika buɗe baki, da niyyar lallashin wani ma, aka mayar miki da amsar da ta girgiza ki. Saboda haka zan fara da abin da ya kamata a ce kin ji tun kina yarinya: ba ƙarya kike yi ba, hankalinki lafiya lau yake, kuma mutane da yawa sun riga ki ganin irin abin da kika gani.

Akwai wani hafsan sojan ruwa na Ingila, Francis Beaufort, wanda har gobe masu jiragen ruwa suke amfani da ma'aunin ƙarfin iska mai ɗauke da sunansa. Yana matashi, a shekarun 1790, ya faɗa ruwa a tashar jiragen Portsmouth alhali bai iya iyo ba. Bayan shekaru masu yawa ya rubuta wa wani masani wasiƙa yana bayyana cewa da zarar ya daina kokawa da ruwan sai wata cikakkiyar natsuwa ta maye gurbin firgicin, babu zafi babu tsoro, al'amuran rayuwarsa suka riƙa wucewa a gabansa ɗaya bayan ɗaya har zuwa ƙuruciyarsa, duk a cikin ɗan lokacin da bai kai minti biyu ba, kuma farfaɗowar ce ma ta fi ba shi wahala. Ki dubi yadda bayaninsa ya yi kama da naki, alhali ƙarni biyu ne a tsakaninku, ba ku haɗa harshe ba, ba ku haɗa addini ba. A 1975 wani ɗan Amurka mai suna Raymond Moody ya tattara labaran mutane irin waɗannan, ya laƙaba wa abin sunan da ya bi duniya, wanda ma'anarsa ita ce abin da mutum yake gani a bakin mutuwa. Daga baya likitoci suka fara ƙidayarsa a asibitoci. A 2001 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken wani likitan zuciya ɗan ƙasar Holan, Pim van Lommel, wanda ya bibiyi mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, kuma 62 daga cikinsu, wato kashi 18 cikin 100, sun ba da labarin natsuwa ko haske ko ganin 'yan'uwan da suka rasu ko jin kamar sun fita daga jikinsu.

Yanzu mu zo kan maganar ƙanenki, domin ba zan yi miki adalci ba idan na ce miki bai faɗi gaskiya ba. Ya faɗi wani ɓangare nata. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita take cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da muke shaƙa, kuma ba ta da rumbun da take ajiye ta. Idan mutum ya nutse, da farko yana riƙe numfashi, sai gurɓatacciyar iskar da ya kamata ya fitar ta taru a jininsa, wadda ita ce take haifar da wannan azabar son shaƙar iska da kika kira fafutuka. Idan ruwa ya taɓa maƙogwaro yakan rufe da kansa, oksijin ya ci gaba da raguwa, cikin 'yan mintuna hankali ya gushe, idan kuma aka ƙara wasu 'yan mintuna ba a ciro mutum ba ƙwaƙwalwar ta fara lalacewa. Tsakanin ƙarewar ƙarfi da gushewar hankali akwai wani ɗan taƙi, kuma a wannan taƙin ne waɗanda suka tsira daga ruwa suke ba da labarin cewa tsoro ya ɗauke.

Masu bincike sun kuma samu gutsattsarin wannan yanayi a wasu wurare da babu ruwa babu mutuwa. Wani likitan sojan Amurka, James Whinnery, ya daɗe yana nazarin matuƙa jiragen yaƙi da ake juyawa a cikin wata na'ura mai gudun tsiya har jini ya janye daga kansu su suma na ɗan lokaci, kuma da yawansu sun farka suna cewa ganinsu ya tsuke kamar mai leƙe ta bututu, wasu sun ga haske, wasu sun yi gajeren mafarki mai daɗi da iyalansu a ciki. A 2002, a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Olaf Blanke yana binciken wata mata mai farfaɗiya, da ya taɓa wani wuri a gefen dama na ƙwaƙwalwarta da ɗan ƙaramin lantarki sai ta ce tana ganin kanta daga sama tana kwance a gado. A 2013 kuma Jimo Borjigin ta Jami'ar Mishigan a Amurka ta gano cewa a cikin daƙiƙa 30 na farko bayan tsayawar zuciyar ɓeraye, ƙwaƙwalwarsu takan yi wani yunƙuri mai ƙarfi kuma mai tsari kafin ta yi shiru, sannan a 2023 ta ga makamancin haka a biyu daga cikin majinyata huɗu da suke gargarar mutuwa. Duk wannan ilimi ne na gaskiya, kuma bai kamata mumini ya ji tsoronsa ba.

Inda ƙanenki ya zarce iyaka shi ne kalmar nan guda ɗaya, "kawai". Van Lommel da kansa ya lura cewa dukkan mutum 344 ɗin nan ƙwaƙwalwarsu ta rasa iska, amma ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka ga wani abu, kuma tsawon lokacin da zuciyar ta tsaya ko magungunan da aka ba su ba su bambanta masu gani da marasa gani ba. Ƙarancin iska yawanci ruɗewa da mantuwa yake kawowa, alhali waɗannan mutane suna tuna abin da suka gani tar da tar bayan shekaru, kamar yadda kike tuna hannun kakarki, kuma masu bincike a Jami'ar Liège ta Beljiyam sun auna wannan a 2013 suka samu cewa irin wannan tunawa ta fi tunawar abubuwan yau da kullum cika da bayani. A ɗaya ɓangaren kuma, masu son kafa hujja da abin ma ba su samu yadda suke so ba. Wani likita, Sam Parnia, ya jagoranci bincike a asibitoci 15 na Ingila da Amurka da Ostiriya, wanda aka buga a 2014 bayan an bibiyi mutum 2,060 da zuciyarsu ta tsaya. An ajiye hotuna a kan kantoci a sama, inda sai mai kallo daga rufin ɗaki ne zai iya ganinsu, domin a gwada masu cewa sun fita daga jikinsu. Babu wanda ya ba da labarin hotunan, kuma mutum biyun da suka ce sun ga abin da ake yi musu, abin ya same su ne a wuraren da ba a ajiye hoton ba. Gwajin bai tabbatar ba, bai kuma kore ba. Iyakar abin da likitanci yake iya yi shi ne ya bayyana abin da yake gudana a jikin mai rai da ya kusa mutuwa, amma abin da yake bayan mutuwa babu na'urar da take kaiwa gare shi, kuma ɗalibin da ya ce ya rufe wannan babin ya faɗi abin da malamansa ba su koya masa ba.

To, shin mutuwa kika yi kika dawo? A'a, 'yar'uwa, ba ki mutu ba, kuma ina roƙonki ki karɓi wannan amsa da sanyin zuciya, domin a cikinta mafitarki take. Abin da ya same ki suma ce a bakin mutuwa. Mutuwar da Alƙur'ani yake magana a kanta ƙofa ce da ba a komowa ta cikinta. A Suratul Muminun, aya ta 99 da ta 100, an ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce masa a'a, a bayansu akwai shamaki, wato barzahu, har ranar da za a tashe su. A Suratuz Zumar, aya ta 42, an ce Allah Yana karɓar rayuka a lokacin mutuwarsu, da waɗanda ba su mutu ba a cikin barcinsu, sai Ya riƙe wanda Ya hukunta wa mutuwa, Ya saki ɗayan zuwa wani ajali ambatacce. Ke kina cikin waɗanda aka saki, kwananki bai ƙare ba. Duk wanda ya dawo ya ba da labari, komai tsawon sumarsa, daga wannan gefe na shamakin yake magana, kuma likitoci da malaman addini a nan bakinsu ɗaya ne, ko da yake kowa da harshensa.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da nake ganin shi ne asalin damuwarki. Kin ɗora imaninki da lahira a kan abin da bai taɓa zama tubalinsa ba, kuma ban ga laifinki ba, domin yarinya 'yar shekara 9 da ta ga abin da kika gani dole ta ce a ranta gani ya kori ji. Amma ki yi tunani a kan inda wannan hanya take kaiwa. Idan ganin haske shi ne hujjar lahira, to me za mu ce wa mutum 282 na binciken Holan da zuciyarsu ta tsaya suka farka ba su tuna komai ba? Su ce babu lahira ke nan, tunda su ma sun je bakin ƙofar? Akwai kuma waɗanda abin da suka gani firgici ne da kaɗaici, kuma likitoci irin su Bruce Greyson na Jami'ar Bajiniya sun rubuta labaransu, alhali babu abin da ya nuna sun fi sauran mutane zunubi. Sannan abin da mutane suke gani yakan sanya tufafin da suka saba da shi. A 1986 Satwant Pasricha da Ian Stevenson sun buga labaran wasu mabiya addinin Hindu a Indiya, inda da yawansu suka ce 'yan aike ne suka zo suka tafi da su gaban wani mai riƙe da littafin ayyuka, aka duba aka ga an yi kuskuren suna, aka mayar da su. Kirista yakan ga abin da ya dace da coci, yaro yakan ga kakarsa. Wanda ya ce zai zana taswirar lahira daga waɗannan labarai zai ƙare da taswirori masu karo da juna.

Addinin da kike bi bai taɓa neman ki leƙa kafin ki yarda ba. A farkon Suratul Baƙara, siffar farko da aka ambata ta masu taƙawa ita ce suna yin imani da gaibu, kuma da aka tambayi Annabi (SAW) game da ruhi, amsar da ta sauka a Suratul Isra'i, aya ta 85, ita ce ruhi yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ba a ba mutane ilimi ba sai kaɗan. Mahaifinku, Allah Ya jiƙansa, da miliyoyin muminai da suka gabace shi sun rayu sun mutu a kan yaƙini ba tare da sun taɓa nutsewa a kogi ba. Abin da suka dogara a kansa yana nan a hannunki yadda yake, maganar ƙanenki ba ta taɓa shi ba, domin ba a kan iskar oksijin aka gina shi ba. Ni a ganina abin da ya rushe miki wata huɗu da suka wuce tokara ce da kika jingina a jikin ginin tun kina yarinya, kika daɗe kina zaton ita take riƙe da rufin.

Ba ina cewa ki jefar da abin da kika gani ba ne, kuma zan yi baƙin ciki idan haka kika fahimce ni. Ki ba shi matsayin da ake ba mafarki nagari. Ya tabbata a hadisi cewa mafarki nagari bushara ce, yanki ɗaya daga yanki 46 na annabci, amma duk da wannan daraja malamai ba sa gina hukunci ko aƙida a kan mafarkin kowa bayan annabawa, kuma an yi umarni kada a ba da labarinsa sai ga wanda ake ƙauna. Natsuwar da kika ji gaskiya ce, kin ji ta a jikinki, babu mai iya ƙwace miki ita. Idan ma an gano gobe ainihin jijiyar da ta kunna ta da sinadarin da ya gudana, mumini zai tambaya: wane ne ya halicci jiki a kan tsarin da yake ɗauke wa yarinya tsoro a daidai lokacin da tsoron ba zai ƙara amfanarta da komai ba? Mun san yadda girgije yake haɗuwa, mun san yadda tururi yake tashi daga teku, wannan bai hana mu kiran ruwan sama rahama ba. Sanin hanyar da abu ya biyo ba ya kore Wanda ya aiko shi.

Game da shakkar da take damunki kuwa, kada ki ɗauke ta alamar fita daga addini. Ya zo a Sahihu Muslim cewa wasu sahabbai sun je wa Annabi (SAW) suka ce suna jin wasu abubuwa a zukatansu da suke ganin girman furta su, sai ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani, wato ƙin abin da jin nauyinsa. Wanda imaninsa ya tafi ba ya rasa barci saboda tsoron tafiyarsa. Annabi Ibrahim (AS) ma ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu, da aka tambaye shi ko bai yi imani ba ne, ya ce ya yi, amma domin zuciyarsa ta natsu. Ki kuma lura da lokacin da abin ya zo miki. Kina cikin zafin rashin uba, kuma mai sabon rashi ko ƙaramar magana takan yi masa nauyin dutse. Ina kyautata zaton tambayar da take ƙarƙashin dukkan tambayoyinki ita ce ko za ki sake ganin mahaifinki, kuma amsar wannan tana cikin alƙawarin Allah, inda take tun kafin a haife ki.

Saura maganar 'yar'uwarki, wadda na san ita ce mafi ciwo, ko da yake a ƙarshe kika sanya ta. Kakarki ba ta zaɓe ki ta bar ta ba, domin matattu ba su da ikon raba kwana, kuma ba ki san abin da ita 'yar'uwar taki ta gani ba a nata lokacin. Ajali idan ya zo ba ya jinkirta sa'a guda, ba ya kuma gabata, nata ya zo ranar, naki bai zo ba, kuma babu wata ma'ana ta fifiko ko ta laifi a cikin wannan. Kina 'yar shekara 9, ruwan da ya fi ƙarfinta ke ma ya fi ƙarfinki, kuma shari'ar da ta ce an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga ba za ta tuhume ki da abin da ko babba ba lallai ya iya hanawa ba. Ita kuwa ta tafi ba ta balaga ba, babu zunubi a littafinta, sannan ta hanyar da hadisin Bukhari da Muslim ya lissafa a cikin shahada, inda aka ambaci wanda ruwa ya ci tare da wanda annoba ta kashe da mai ciwon ciki da wanda gini ya faɗa wa da wanda aka kashe a tafarkin Allah. Idan kuma abin da yake hana ki barci shi ne tunanin wahalar da ta sha, to ke ce kika fi kowa sanin cewa fafutukar ba ta daɗe ba, kuma kin san abin da ya biyo bayanta a wurinki. Jin laifin wanda ya tsira alhali wani ya mutu abu ne sananne ga likitocin ƙwaƙwalwa da masu ba da shawara kan damuwa, ana kuma warkewa daga gare shi. Idan kina yawan mafarkin ruwan, ko ƙirjinki yana bugawa idan kin ga kogi, ko rashin barcin ya ƙi ƙarewa, ki je ki ga ɗaya daga cikinsu, ki haɗa da addu'a, domin neman magani ba ya rage tawakkali.

Ƙanenki kuma kada ki riƙe shi a zuciya. Shi ma uba ya rasa, kuma sau da yawa mai sabon ilimi yakan fake da abin da ya karanta idan baƙin ciki ya fi ƙarfin bakinsa. Ba sai kun yi muhawara ba. Ki same shi a natse ki ce masa kin yarda da abin da ya faɗa game da jiki, amma ranar nan amana kika ba shi wadda ba ki taɓa ba kowa ba, kuma yadda ya karɓe ta ya yi miki ciwo. Zai amfane shi ya ji haka tun yanzu, domin nan gaba majinyata za su farka a gabansa su gaya masa irin wannan magana, kuma yadda zai saurare su yana cikin aikinsa.

Batun 'ya'yanki ne kaɗai inda zan ce ki canza hanya ba tare da jinkiri ba. Tsoronki yana da tushe: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan haka. Amma hana yaro kusantar ruwa kwata-kwata ba ya kare shi, domin wata rana zai girma ya je inda ba kya nan, kuma ranar zai je ne bai iya komai ba. Abin da hukumar take ba da shawara shi ne a koya wa yaran da suka kai shekarun makaranta iyo a wurin da aka tanada, a hannun wanda ya ƙware, ƙananan kuwa a sa musu ido sosai, a rufe ko a katange duk wani ruwa da za su iya faɗawa, ko da na babban bokiti ne. Ki sani yaro mai nutsewa yawanci ba ya ihu, domin numfashin da zai yi ihun da shi ne yake nema, saboda haka shirun yaro a kusa da ruwa ya fi kukansa abin tsoro. Ki koya musu cewa idan wani ya faɗa ruwa kada su bi shi, su yi kururuwar neman babba, su miƙa masa sanda ko su jefa masa abin da yake yawo a kan ruwa. Ke da maigidanki kuma ku nemi horon farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, wato hura iska a baki da danna ƙirji, domin ga wanda aka ciro daga ruwa hura iskar tana da muhimmanci ƙwarai, kuma mintunan farko kafin a kai asibiti su ne suke raba gardama. Idan ba za ki iya tsayawa kallon darasin iyon ba a farko, maigidanki ya kai su, ke ki bi daga baya idan zuciyarki ta yarda.

Sai mahaifiyar 'yar'uwarki. Shekara 25 kina sunkuyar da kai a gabanta, kuma mai yiwuwa ita tana fassara hakan da cewa kin manta da 'yarta ko kina gudunta, alhali ke ce mutum na ƙarshe da ya kasance tare da yarinyar, kuma kina cikin 'yan kaɗan da suka san ta a matsayin abokiyar wasa. Rasuwar mahaifinku ta buɗe ƙofar zumunci, ki yi amfani da ita ki kai mata ziyara ke kaɗai, ba a cikin taro ba. Ba sai kin ambaci hasken ba, sai idan ita ta tambaye ki yadda abin ya kasance, a nan za ki iya gaya mata gaskiyar abin da kika ji, cewa tsoron bai daɗe ba. Ki ambaci sunan 'yarta a gabanta, ki ba ta labarin wani abu guda da kike tunawa na wasanku tare, ki gaya mata ba ki taɓa daina yi mata addu'a ba. Idan ta yi kuka kada ki yi saurin tashi, ki zauna tare da ita har ta gama.